Wa Aka Tambaya? Tarihin Lasisin Gidajen Masu Taɓin Hankali a Ingila

Wata safiya a watan Maris na 1814, wani alƙalin gunduma mai suna Godfrey Higgins ya isa asibitin masu taɓin hankali na birnin York, a arewacin Ingila, ba tare da ya aika da labarin zuwansa ba. Yana cikin zagayawa sai ya hangi wata ƙofa a lungu, kusa da ɗakin girki. Ya nemi a buɗe, aka ce masa mabuɗin ya ɓata. Ya ce in ba a kawo ba, shi zai samo wani mabuɗin a bakin murhu, yana nufin ƙarfen da ake tona wuta da shi. Nan take mabuɗi ya fito. Abin da ya tarar a ciki shi ne ƙananan ɗakuna huɗu, bangonsu ya sha najasa, ciyawar da aka shimfiɗa a ƙasa ta jiƙe sharkaf da fitsari. Da ya matsa a nuna masa waɗanda suka kwana a ciki, aka hau da shi bene, inda ya tarar da mata goma sha uku cunkushe a ɗaki guda, tsawonsa ƙafa 12, faɗinsa kuwa bai cika ƙafa 8 ba. Ya bayar da labari daga baya cewa sai da ya yi amai.

A ranar da wannan ya faru, shekara arba'in ke nan cif Ingila tana da dokar bayar da lasisi ga gidajen da ake tsare masu taɓin hankali. Dokar ba ta kai ga wannan ƙofa ba, domin an keɓe asibitocin da ake gudanarwa da kuɗin taimako daga hukuncinta. Wanda ya buɗe ƙofar ba likita ba ne, ba kuma jami'in lasisi ba. Mutum ne daga waje wanda ya ga an sallamo wani talaka mai suna William Vickers daga asibitin jikinsa duk rauni da ƙwarƙwata, ya ƙi yin shiru.

A yau, idan wata gwamnati za ta tsara sharuɗɗan lasisi ga cibiyoyin da ke karɓar mutum a lokacin da ciwon ƙwaƙwalwa ya taso masa gadan-gadan, takan fitar da daftari ta nemi jama'a su tofa albarkacin bakinsu. Mutane da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin cika sharaɗi kawai. Tarihin Ingila daga 1774 zuwa 1890 bai goyi bayansu ba. Lasisin irin wannan gida takarda ce da hukuma ke ba wani mutum izinin kulle wani mutum wanda bai aikata laifi ba, kuma duk dokar da aka rubuta a kai cikin waɗannan shekaru ta ɗauko kamannin waɗanda aka saurara kafin a rubuta ta. Wanda ya samu bakin magana, doka ta kāre shi. Wanda bai samu ba, an tsallake shi, ko da kuwa shi ne ke kwance a kan ciyawar.

A farkon ƙarni na 18, tsare mahaukata a Ingila sana'a ce kamar kowace. Duk mai gida da ƙofa mai ƙwari yana iya karɓar marasa lafiya daga danginsu a biya shi, ba a tambayarsa ilimi, ba a leƙa masa ɗaki. Tun a 1728 marubuci Daniel Defoe ya koka a wata ƙasida cewa mazaje suna kai matansu masu cikakken hankali irin waɗannan gidaje domin su sarara da dukiyarsu ko da farkokinsu, ya kuma nemi a sa wa gidajen lasisi a riƙa duba su. Sai a 1763 majalisar wakilai ta kafa kwamitin bincike. A gaban kwamitin, mai kula da wani gida a unguwar Chelsea ya amsa da bakinsa cewa bai taɓa mayar da wanda aka kawo masa ba muddin akwai mai biya. Ya kamata a lura da irin ƙorafin da kwamitin ya saurara: kusan duka na mutanen da aka kulle alhali lafiyarsu ƙalau ne, masu dangi ko abokai da za su iya kai ƙara. Sauran shaidun da aka ji kuwa manyan likitocin fannin ne, William Battie da John Monro, waɗanda su kansu suna da hannu a gidajen kuɗi.

Bayan shekara goma sha ɗaya aka samu dokar 1774. Ta ce duk wanda zai ajiye mai taɓin hankali fiye da ɗaya sai da lasisi, wanda ya saɓa kuma tarar fam 500 ta hau kansa. A Landan da mil bakwai na kewayenta, an ɗora alhakin bayar da lasisi da duba gidaje a kan mutum biyar da ƙungiyar manyan likitocin birnin za ta zaɓa daga cikinta. A sauran ƙasa kuma alƙalan gunduma. Ba za a karɓi majinyaci ba sai da takardar likita. A ido wannan ci gaba ne. Amma masu duba gidajen ba su da ikon hana kowa lasisi, ba su kuma da ikon ƙwace shi saboda ƙazanta ko duka ko yunwa. Laifi ɗaya ne ke jawo ƙwace lasisi, wato a hana su shiga. Idan sun shiga sun ga ɓarna, iyakar abin da za su yi shi ne su rubuta rahoto a rataye shi a wani ɗaki na ƙungiyar likitocin, inda ba mai karantawa sai 'yan uwansu likitoci. An ba kura ajiyar nama, sannan aka ce ta riƙa rubuta abin da ya ragu. Mafi muni, sharaɗin takardar likita bai shafi matalautan da gunduma ke biya wa kuɗin zama ba. Dokar ta amsa kukan da aka kawo mata daidai wa daida: ta rage yiwuwar a sace mai hali a kulle shi, ta bar talaka yadda ta same shi, domin ba wanda ya zo ya yi magana da yawunsa.

Abin da ya fasa ƙwan shi ne shigowar mutanen da ba su cikin sana'ar. A York, mabiya ɗariƙar Kirista ta Quaker sun daɗe da ƙullatar asibitin, tun rasuwar wata 'yar ɗariƙarsu, Hannah Mills, a cikinsa a 1790 bayan an hana 'yan uwanta na addini ganinta. Wannan ne ya sa William Tuke ya buɗe wani gida a 1796 inda ake kula da marasa lafiya da tausasawa da aikin hannu, ba da sasari ba. Da rikicin Vickers ya tashi, Higgins da iyalan Tuke da abokansu suka gano wata kafa a tsarin asibitin: duk wanda ya bayar da gudummawar fam 20 ya zama ɗaya daga cikin masu gudanarwa. Sai suka biya, suka shiga taro da yawansu, suka nemi a kawo littattafai. Lissafi ya nuna cewa mutuwar majinyata 144 ba ta shiga rahotannin da ake bugawa ba. Ban san wata hanyar jin ra'ayin jama'a da ta kai wannan ban mamaki ba: sai da mutane suka sayi kujerar da za su zauna su yi tambaya.

A Landan kuma, cikin wannan shekara ta 1814, wani dillalin filaye mai suna Edward Wakefield ya kai ziyara asibitin Bethlem, wanda shi ma dokar ba ta shafe shi ba. Can ya ga James Norris, wani Ba'amurke ma'aikacin jirgin ruwa, an sa masa zoben ƙarfe a wuya, an haɗa shi da gajeriyar sarƙa zuwa wani sandan ƙarfe da ke jikin bango, an kuma ɗaure masa kafaɗu da ƙugu da wasu ƙarafan. Kimanin shekara goma ya yi a haka. Yana magana cikin hankali, yana karanta jaridu. Wakefield ya koma da mai zane, aka zana Norris, aka buga hoton aka baza shi a gari. Norris ya rasu a 1815, ba da daɗewa ba bayan an sassauta masa, amma hoton ya yi aikin da rahoton da ke rataye a ɗakin likitoci bai yi ba cikin shekara arba'in.

Kwamitin majalisa na 1815, ƙarƙashin George Rose, ya saurari Higgins da Wakefield da Tuke, sannan ya kira ma'aikatan Bethlem. Likitan asibitin, Thomas Monro, ɗan John Monro da aka ambata, ya bayyana cewa magani a wurinsu na bin kalanda ne: idan bazara ta shigo a zubar wa majinyata jini, sannan a ba su maganin amai, sannan na wankin ciki, haka ya gāda daga mahaifinsa, bai kuma san wata hanya da ta fi ta ba. Da aka tambaye shi ko yana sa sarƙa a gidansa na kuɗi, ya ce a'a, sarƙa ta dace da matalauta ne, mai daraja ba zai jure ta ba. A 1816 Monro ya ajiye aiki, aka kuma sallami mai haɗa magungunan asibitin, John Haslam. Sai dai duk ƙudurorin gyara da majalisar wakilai ta amince da su a shekarun da suka biyo baya sun mutu a majalisar masu sarauta. Ba a motsa ba sai da wani kwamitin ya sake bankaɗo, a 1827, cewa a gidan Thomas Warburton da ke Bethnal Green, gida mai lasisi, ana ɗaure matalauta a cikin akwatunan kwana tun daga yammacin Asabar har safiyar Litinin domin ma'aikata su huta, sannan a fito da su a wanke su da ruwan sanyi a tsakar gida.

Dokar 1828 ta karɓe aikin daga hannun ƙungiyar likitoci ta miƙa shi ga wata hukuma wadda likitoci ba su da rinjaye a cikinta. Aka ba ta ikon hana lasisi da neman a soke shi, aka wajabta ziyara sau huɗu a shekara, kuma a karon farko aka ce ko matalauci ba za a shigar da shi ba sai da takarda. Cikin 'yan hukumar akwai wani matashin ɗan majalisa, Lord Ashley, wanda daga baya ya zama Lord Shaftesbury. A 1845 aka faɗaɗa tsarin ya game Ingila da Wales, aka kafa hukuma ta dindindin mai likitoci uku da lauyoyi uku masu albashi, da wasu mutanen gari, aka kuma tilasta wa kowace gunduma ta tanadi asibitin matalauta. Shaftesbury ya shugabanci hukumar har rasuwarsa a 1885.

Har zuwa nan, kusan duk waɗanda suka yi magana sun yi ta ne a madadin majinyaci. Higgins ya ga matan nan goma sha uku, ya ƙirga su, ya auna ɗakinsu. Ba a ji daga bakin ko ɗaya daga cikinsu ba. An zana Norris, ba a kira shi shaida ba. Masu gyaran da masu ɓarnar sun yi tarayya a kan abu guda: maganar mahaukaci ba hujja ba ce.

Wanda ya ƙalubalanci wannan shi ne John Thomas Perceval, ɗan Spencer Perceval, firaministan da aka harbe a harabar majalisa a 1812. John tsohon hafsan soja ne mai zurfin ibada. A ƙarshen 1830 ciwo ya kama shi, yana jin muryoyi suna ba shi umarni, danginsa suka kai shi Brislington kusa da Bristol, daga baya kuma Ticehurst a Sussex. Waɗannan ba kurkukun matalauta ba ne. Suna cikin gidaje mafi tsada da suna a ƙasar, masu lambu da lasisi da duk takardun da doka ta nema. Ya fito a 1834, ya rubuta labarin abin da ya gani a juzu'i biyu, 1838 da 1840. Abin da ya bambanta shi da masu ƙorafin da suka gabace shi, a ganina kuma shi ne ya sa ya fi su muhimmanci, shi ne bai taɓa musun cewa ya yi ciwon ba. Ya yarda hankalinsa ya gushe. Kukansa shi ne an ɗaure shi, an tsoma shi a ruwan sanyi, an riƙe masa wasiƙu, an yi ta magana a kansa yana zaune kamar ba ya wurin, kuma ba wanda ya taɓa gaya masa me za a yi masa ko don me. Ya ce wannan shirun ya ƙara masa ruɗu, domin mutumin da muryoyi ke gaya wa cewa ana azabtar da shi, idan ya ga ana ɗaure shi ba bayani, sai ya gaskata muryoyin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Babu sufeton da zai shigo sau huɗu a shekara ya duba tsabtar gado da littafin shiga da fita ya gano irin wannan cutarwa, domin ba ta barin tabo a fata.

A 1845, shekarar da aka kafa hukumar ta Shaftesbury, Perceval da wasu tsofaffin majinyata da danginsu, irin su Richard Paternoster, suka kafa ƙungiyar taimakon waɗanda ake wa zargin hauka. Sun riƙa bin shari'o'in mutane ɗaya bayan ɗaya, suna rubuta wa majalisa koke, suna shirya taruka. Buƙatunsu a yau ba za su ba kowa mamaki ba: a saurari mutum a gaban alƙali kafin a kulle shi, a gaya masa abin da aka rubuta a kansa, a bar shi ya aika wasiƙa. A lokacin kuwa jaridu da likitoci ba'a suka yi musu, hukumar ma ta ɗauke su masu tayar da zaune tsaye. Duk da haka ƙorafinsu na cikin abubuwan da suka jawo binciken da ya sa aka shigar da Bethlem ƙarƙashin sa idon hukumar a 1853. A 1859 Perceval ya zauna a gaban kwamitin majalisa ya bayar da shaida, har ya kira kansa babban lauyan dukkan mahaukatan Sarauniya. Kwamitin ya saurare shi, bai ɗauki mafi yawan shawarwarinsa ba. Ɗan abin da ya biyo baya a 1862 ya haɗa da cewa wasiƙar da majinyaci ya rubuta wa hukumar a isar da ita ba tare da an buɗe ba, amma majinyacin da ake biya wa kuɗi ake nufi.

Muryar da ta yi nasara a ƙarshe wata ce dabam, kuma nan ne labarin ya ƙi tafiya yadda mai son kyakkyawan ƙarshe zai so. Daga tsakiyar ƙarnin, tsoron a kulle mai hankali ya mamaye masu karatun jarida. A 1858 ɗan siyasa kuma marubuci Edward Bulwer-Lytton ya sa an tsare matarsa Rosina bayan ta tozarta shi a wurin taron zaɓe. Surutun jama'a ya sa aka sake ta cikin 'yan makonni. Marubutan ƙagaggun labarai irin su Wilkie Collins da Charles Reade suka gina littattafai a kan wannan tsoro, aka yi ta saye. Louisa Lowe, matar wani limamin coci wadda mijinta ya sa aka tsare ta saboda aƙidarta ta hulɗa da ruhohi, ta fito ta kafa ƙungiyar neman gyaran doka a 1873. Sai kuma Georgina Weldon, mawaƙiya, wadda a 1878 mijinta ya haɗa baki da likita Forbes Winslow domin a ɗauke ta; ta sulale ta ɓuya da taimakon Lowe har takardar ta daina aiki. Da dokar 1882 ta ba matan aure damar shigar da ƙara da sunansu, Weldon ta maka likitocin a kotu ɗaya bayan ɗaya, ita ce lauyar kanta, ta kuma yi nasara a 1884. Jama'ar Landan suka yi ta tafa mata.

Ba na raina abin da aka yi wa waɗannan mata. Zalunci ne, kuma sun yi jarumta. Amma dukkansu hujjarsu guda ce: mu ba mahaukata ba ne, kuskure aka yi. Hujja ce da ke barin asalin tambayar a inda take, domin tana nuna cewa da a ce su mahaukatan ne, da ba laifi. Kwamitin majalisa da ya zauna a 1877 ya saurari ƙorafe-ƙorafe masu yawa, ya kuma ce bai tabbatar da an kulle wani da mugun nufi ba. A daidai wannan lokaci, kimanin tara cikin kowane goma na waɗanda ke tsare matalauta ne, a manyan asibitocin gunduma da suka cika suka batse, inda likita ɗaya ke kula da ɗaruruwa. Su ba su da mai rubuta littafi a kansu.

Dokar 1890 ta fito da kamannin wannan muhawara. Ta ce ba za a tsare majinyaci mai biya ba sai da umarnin alƙali da takardun likitoci biyu. Ta tanadi umarnin gaggawa na kwana bakwai domin lokacin da ciwo ya tashi ba zato. Ta hana bayar da sabon lasisi ga gidajen kuɗi, da nufin su ƙare a hankali. Ta cika da sassa daki-daki kan takardu da rajista da wa'adi. Shaftesbury, wanda ya shafe fiye da shekara hamsin yana shiga waɗannan gidaje, ya yaƙi shigo da alƙali cikin lamarin har ya miƙa takardar murabus a 1885, yana cewa iyalai za su ji kunyar zuwa gaban alƙali su yi ta ɓoye mara lafiya har ciwo ya yi nisa. Ana iya zarginsa da kāre hukumarsa, kuma Perceval da ya rasu tun 1876 da bai yarda da shi ba. Amma abin da ya hango ya faru. Asibitin gunduma bai da ikon karɓar wanda ya kawo kansa da kansa. Sai ciwo ya kai matsayin da za a rubuta wa mutum takardar hauka kafin a duba shi. Shekara arba'in aka yi a haka. Sai da wani likita, Montagu Lomax, ya wallafa abin da ya gani a asibitin Prestwich a 1921, aka kafa hukumar bincike ta 1924 zuwa 1926 wadda ta saurari wasu tsofaffin majinyata, sannan dokar 1930 ta buɗe ƙofa ga mai neman magani da ƙafarsa. Gyaran 1890 ya tsare mai lafiya daga asibiti, ya kuma tsare mara lafiya daga magani.

Wannan tarihi bai tsaya a Ingila ba, domin ita ce ta rubuta mana tamu dokar. Turawan mulkin mallaka sun buɗe gidajen tsare mahaukata a Kalaba a 1904 da Yaba a 1907, suka kafa dokar hauka a 1916, wadda aka sake fitarwa a 1958. Ruhinta na Ingilar wancan zamani ne: likita ya rubuta takarda, majistare ya sa hannu, a tsare. Ba a tambayi kowa a ƙasar ba, balle majinyaci, kuma da yawa daga waɗanda aka tsare a gidajen yari suka ƙare. Ingila ta jefar da nata tsarin a 1959. Nijeriya ta riƙe nata fiye da shekara sittin bayan haka, duk da cewa tun 1954 Thomas Adeoye Lambo ya nuna a Aro, kusa da Abeokuta, cewa ana iya jinyar mutane a gidajen ƙauye tare da danginsu. Ƙudurin sauya dokar da aka gabatar a 2003 ya kwanta har aka janye shi a 2009.

Inda doka ta bar giɓi, kasuwa takan cike shi, kamar yadda ta yi a Chelsea. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa, cikin Kaduna, suka fito da mutum kusan 300, manya da yara, da yawansu da mari a ƙafa. Cikin makonni aka sake samun irinsa a Daura da wasu garuruwa. Gidajen mari ne da iyaye ke kai kangararru da masu shaye-shaye da masu taɓin hankali, duk a haɗe, suna kuma biya. A watan Nuwamba na shekarar ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoton ziyarar da ta kai wurare 28 a faɗin ƙasar, na gwamnati da na addini da na gargajiya, ta ce ta ga ɗaurarru a kusan dukkansu. Yana da sauƙi a la'anci iyayen. Amma uban da ɗansa ya fasa ƙofa da tsakar dare, a ƙasar da likitocin ƙwaƙwalwarta ba su kai 300 ba, kuma asibiti mafi kusa yana Barnawa ko Dawanau ko Kware, nesa da ƙauyensa da kuma aljihunsa, shi ma yana da abin faɗa game da sharuɗɗan da za a gindaya wa mai karɓar ɗansa. Idan an tsaurara su har ba mai iya cikawa, gidan zai koma bayan gari ya ci gaba ba lasisi.

A watan Fabrairu na 2020 kwamitin lafiya na Majalisar Dattawa, ƙarƙashin Sanata Ibrahim Oloriegbe, ya yi zaman jin ra'ayin jama'a kan sabon ƙudurin lafiyar ƙwaƙwalwa. Cikin waɗanda suka yi magana akwai Hauwa Ojeifo, wadda ta kafa ƙungiyar She Writes Woman, kuma ba ta ɓoye cewa ita kanta tana rayuwa da lalurar. An bayyana ta a matsayin mutum na farko mai irin wannan lalura da ya bayar da shaida a gaban majalisar dokokin ƙasar, shekara 161 bayan Perceval ya zauna a gaban tasa. Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa dokar hannu, aka sanar a watan Janairu na 2023, ta kuma tanadi sashe na musamman a ma'aikatar lafiya ta tarayya da asusun tallafa wa fannin. An yi zaman a Abuja, da Turanci. Waɗanda aka kwance wa mari a Rigasa wata biyar kafin nan an riga an mayar da mafi yawansu hannun dangin da suka kai su.